Tara Ba Ta Rabuwa

Kullum bayan la'asar Malam yakan jingina ƙaramin allo a bangon falo, ya ce, "Ɗalibata, taso."

Sai ta goge hannu da gefen zani, ta zauna a ƙasa. Ita da ta tsaya a aji huɗu na firamare, ga ta gaban farfesan lissafi guda, mijinta, yana koya mata lambobin da ya ƙare rayuwarsa a kansu. 'Yan taurin kai yake ce musu, don ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu.

"Uku, biyar, bakwai, tara," in ji shi. "Maimaita."

Ta maimaita. Ta rubuta. Ya karɓe takardar, ya sa kwanan wata, ya kulle a durowa. Bai taɓa sa mata jan biro ba.

Wata rana tana jera kofuna tara a faranti, sai suka zauna uku-uku, layi uku, babu saura. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ture ɗaya gefe. Ita wa, da za ta fi Malam sani?

Ko da ƙanwarsa malamar makaranta ta leƙa takardar ta ce, "Kai, Anti, wa ya gaya miki haka?" sai ta amsa mata, "Yayanki." Ƙanwar ta buɗe baki, ta dubi Malam, ta rufe.

Ranar babbar laccarsa shi da kansa ya zaɓa mata mayafi. Ya zaunar da ita a layin gaba, tsakanin manyan malamai. Zuciyarta fal murna: yau zai nuna wa duniya matarsa ba jahila ba ce.

Tsakiyar jawabi ya miƙo mata makirufo.

"Ɗalibata, tara tana rabuwa?"

Kofunan nan suka faɗo mata a rai. Ta dubi fuskarsa, yana murmushin nan na bayan la'asar.

"Ba ta rabuwa, Malam."

Zauren ya kwashe da dariya, har da masu tafi. Ita ma ta yi murmushi, ta sunkuyar da kai.

Malam ya danna wani maɓalli. Rubutunta ya cika bango, shafi bayan shafi, kowanne da kwanan wata. A samansu akwai manyan baƙaƙe, ta bi su a hankali, leɓɓanta na motsi:

"ILLAR YARDA DA MALAMI: SHEKARA BIYU INA KOYA MATA ƘARYA, BA TA TAƁA TAMBAYA BA."