Askar Kalli

Shekara talatin Kalli wanzami yana yi wa gidan aski. Shi ya yi wa Alhaji Mahfuz askin suna, shi kuma ya yi wa 'ya'yansa biyu, Bilya da Modu. Duk Alhamis yakan shimfiɗa buzunsa a zaure, ya wasa aska, ya yi wa yaran ƙwal-kwabo, ya tattara gashin a kai wa kakarsu, Ya Bintu.

Ya Bintu ba ta yarda gashin jikokinta ya faɗa hannun maƙiyi. Takan binne shi a gindin randarta, sannan ta dangwalo ƙasar wurin mai sanyi ta shafa musu a ka, don zafin aska ya kwanta. A ɗakinta suke kwana tun da aka yaye su, kuma duk Nguru babu abin da take so kamar su.

Wata damina, ko ta casa'in da takwas ce ko wadda ta biyo ta, makero ya fito wa yaran. Na Modu zagaye uku ne kamar sulalla. Na Bilya kuwa ya kumbura, ya tara ruwa, gashin wurin ya zube. Uwarsu Sa'adiya ta fara cewa gara yaran su dawo ɗakinta. Alhaji ya rantse a tsakar gida cewa duk wanda ya jawo wannan, ko wane ne, hannunsa ba zai sake taɓa 'ya'yansa ba.

Ya Bintu ta ɗauki Bilya ita kaɗai, ta hau mota zuwa Gashua, garinsu, wurin wani likita. Ta dawo da ƙwayoyi da man shafawa.

"Iya, me likita ya ce?" Alhaji ya tambaye ta.

Ta gyara mayafinta. "Askar Kalli ce."

Bayan la'asar, a ƙofar masallaci, Alhaji ya fizge zabirar tsoho Kalli daga kafaɗarsa, ya zazzage ta a ƙasa. Asake da ƙaho suka watse cikin taɓo.

"Baba Kalli, yaushe rabonka da wanke waɗannan? Tun zamanin Bature?"

Aka yi dariya. Kalli ya durƙusa yana tsintar kayansa ɗaya bayan ɗaya.

Kafin Juma'a labari ya kai kasuwa. Waɗanda ya yi wa kaciya da hannunsa suka riƙa sauya hanya idan sun hango shi. Aka yi suna uku a unguwar, aka kira wani wanzamin. Mai shayi ma ya ware masa kofi dabam.

A makon ne Ya Bintu ta ce ta gaji da danshin ɗakinta. Aka ɗauke randar, aka kwashe ƙasar wurin, aka yi daɓen siminti. Yaran suka koma shagon mai askin inji. Kafin kaka makero ya mutu, sai tabon da ya bar wa Bilya, inda gashi bai sake fitowa ba.

"Kun gani ko?" in ji mutanen unguwa. Sa'adiya ta daina maganar mayar da yaran.

Ran nan da hantsi Kalli ya yi sallama. Ya rame, babu zabira a kafaɗarsa. Ya tsuguna a bakin ɗakin Ya Bintu.

"Zan koma Machina wurin 'yata. Asaken na zuba su a tafki. Ya Bintu, na cuci jikokinki ban sani ba. Ki yafe mini tun a nan, kada mu tsaya gaban Allah."

Ta dube shi, ta dubi yaran da ke wasa kan sabon daɓen.

"Na yafe maka, Kalli."

Ta ba shi goro biyu. Ya karɓa da hannu bibbiyu, yana hawaye yana sa mata albarka.

Ta bi shi da kallo har ya fita zaure. Sannan ta jawo Bilya jikinta, ta rufe tabon da tafin hannunta, muryar likitan Gashua na nan a kunnenta kamar jiya: "Mama, wannan ba na aska ba ne. Irinsa a ƙasa mai danshi yake zama, inda gashi ya ruɓe. Wa ke shafa wa yaron nan ƙasa a ka?"