Sarkin Yawo Ya Zo Gaida Gwaggo

Kwana goma Sarkin Yawo ya yi a hanya shi kaɗai. Ya tuƙa mota, ya kwana a tanti, inda kwalta ta ƙare ya hau keke. Duk inda ya tsaya sai ya yi wa mabiyansa wa'azin zumunci a waya.

Yau ya shiga gidan gwaggonsa yana ɗaukar bidiyo, ya zube gaban tsohuwar da ke kan tabarma, har da matso hawaye.

"Jama'a, ga wadda ta goye ni! Ko cikin dubu zan gane ta."

Tsohuwar ta taɓe baki.

"Sannu, ɗan albarka. Ni maƙwabciya ce. Gwaggonka ita ce ka miƙa wa keke a ƙofar gida ka ce, 'Iya, tsare min.'"