Kwanon Zulfa Ya Dawo

Abdulmannan ya tsaya a zauren su Zulfa da kwano a hannu. Jiya ta aika wa mahaifiyarsa salak, matar da ta ce ɗanta ba zai auri wadda ba ta iya girki ba.

Zulfa ta sunkuyar da kai. "Ta ci?"

"Tun da likita ya hana Inna nama da kifi, sai jiya ta cinye abinci tas. Me kika zuba?"

"Latas da karas na fadama, gwanda da lemo. Maimakon kifin gwangwani, ƙuli-ƙuli na daka."

Ta karɓa ta buɗe murfin. Farin goro ne cike da kwanon.

Ya yi murmushi. "Ta ce baffannina suna tafe ranar Juma'a."