Direban tumatir

Motata ta kara ce, tayoyinta na tsohon silifa. Wata rana da la'asar, muna yara, na cire mata rufi da ƙofofi don ta rage nauyi. Muka saki motocinmu a gangaren bayan ma'aikatar gurzar auduga a Funtua, tawa ta bar ta abokina Sani a baya. Sani ya ce cuta ce, mota ba rufi ba mota ba ce. Na ce wa ya kafa wannan doka? Har muka kama wuyan rigar juna.

Kawu Bala yana kallonmu daga inuwar da yake kasa tumatir. Da can direban babbar mota ne, kafin ta kife da shi a hanyar Malumfashi, ya rasa ƙafar hagu.

"Kai, ku zo nan, ja'irai. Ina direbobinku?"

Ya zaɓi tumatir biyu nunannu, ya sa wa kowace mota ɗaya. Muka sake saki. Tawa ce ta fara isa, amma tun tsakiyar gangare tumatir ɗina ya yi tsalle ya fashe a kan dutse.

"Kawu, ai ni na ci!"

Ya daɗe yana duban jan ruwan da ke ƙasa. "Motarka dai ta iso. Je ka gaya wa uwar direban."

Yanzu na manyanta, ɗana ke jan motar haya tsakanin Funtua da Zariya. La'asar na yi ina ajin yaƙi da jahilci, fensir a hannu, amma kunnena yana bakin titi, ina jiran dawowarsa.