Duniyoyin Manaja

Karo na uku ke nan Sufeto tana zura sanda a kwatar kamfanin fenti, kuma karo na uku sandar tana fitowa fes. A ofishin kula da muhalli Mai Hanci suke ce mata, don ko ƙazanta ta shekara a binne sai ta shinshino ta. To, yau hancin ya ci amanarta.

Ta san abin da take nema. Duk inda ake dama fenti sai ruwan dafi ya taru, irin wanda in ya taɓa fata ya saɓule ta, in ya shiga rijiya ya gama da unguwa. Shekara biyu kamfanin yana aiki, amma ko durom ɗaya bai kai inda doka ta ce a kai ba. Ta bi rafi, ta sa an tona bayan katanga, ta yini a bakin ƙofa tana leƙa motocin kaya. Shugabanta ya ce ya gaji, in yau ba ta samu komai ba ta sa hannu a ba su takardar shaida, a rufe maganar.

Manaja yana biye da ita da murmushin wanda ya ci ya ƙoshi.

"Ranki ya daɗe, ai mu ba ma zubar da komai," in ji shi. "Zo ki ga duniyoyinmu, ki huce."

Duniyoyin! Ko sunansu ba ta son ji. Wasu ƙwallayen ƙarfe ne, kowanne ya fi ƙaton namiji tsawo, an zana musu taswira, teku shuɗi shar, daji kore kamar ba a taɓa sare bishiya ba. Kamfanin ke ƙera su yana rabawa kyauta, a shataletale, a lambun shaƙatawa, a makarantu. A gindin kowanne an rubuta, "Mu ceci duniyarmu." Manya sun zo sun yi jawabi, an tafa, an ɗauki hoto, kowa ya shiga motarsa ya bar robobin ruwa a ƙasa. Ita dai a wurinta kura ce ta sa rawani, kuma ba ta ga abin tafi a ciki ba.

Sun ratsa ta rumfar da ake ƙera su, don ta nan hanyar ɗakin ajiya take. Mai walda yana saman tsani yana liƙe kan wata sabuwa, ya rufe hanci da baki, safar roba har gwiwar hannu, sai ka ce likita a ɗakin tiyata. Sufeto ta ja tsaki. Ji iyayi, a kan gwangwani! A gefe kuma injin ɗaga kaya yana ta nishi, yana ƙoƙarin ɗora wata a bayan mota.

"Ƙarfe mai kauri muke sawa," in ji Manaja, ba a tambaye shi ba. "Don jikokinmu su gada."

"Malam, ni ba kallon kwalliya na zo ba. A kawar min da wannan shirme, ya tare min hanya."

Da hannunta ta yi wa direban alama ya fice. Motar ta wuce ƙofa a hankali, duniya ɗaure da jan ƙyalle, mai gadi har da sara wa duniyar.

Ta shiga ɗakin ajiya ta ƙwanƙwasa durom bayan durom, duk wayam, an wanke su tas. Ta ɗaga murfin kowane rami, ta hau rufin ta leƙa tankin ruwa. Kafin la'asar ba sauran inda za ta duba. Ta zauna a ofishin Manaja ta sa hannu a takardar shaidar. Ya miƙo mata wata 'yar duniya ta gilashi don teburinta, ta bar masa abinsa ko kallo ba ta yi ba.

Daga nan makarantar autarta ta nufa, ta ma makara. Ba ta same ta a bakin ƙofa ba, sai a tsakar makarantar, inda yara suka yi dandazo. Ashe nan ma akwai ɗaya daga cikin ƙwallayen banzan nan. Bara aka kawo ta, an gayyaci iyaye, Sufeto ta yaga katin. Yanzu fentin ya fara koɗewa, ciyawar gindinta duk ta ƙone, ta ce a ranta ƙafar yara ba ta barin komai.

"Umma, zo ki ji!" Auta ta rugo. "Duniyarmu akwai teku a ciki!"

"Ke, ɗauko jakarki mu tafi. Na gaji da shirme yau."

"Wallahi da gaske! Sai mun haɗu mu goma muke iya juya ta. Ku tura, Ummata za ta ji!"

Yaran suka jingina kafaɗa suka tura. Ƙarfen ya yi ƙara, ya motsa kaɗan, sai wani abu mai nauyi ya kaɗa a ciki, ɓulum, ya dawo ya bugi ɗaya gefen. Sufeto ta tsaya cak.

"Har yoyo yake yi," in ji Auta da murna. "Kullum muna tara."

Yarinyar ta durƙusa ta miƙa hannu ƙarƙashin ƙwallon, inda walda ta tsage, ruwan da uwarta ta shekara biyu tana nema yana ɗiga a tafin hannunta.