Tukunyar da Ƙanƙara Ta Tofo

Batul ta ɗaga dutsen ta sake maka wa tukunyar. Ko gezau.

"Da ƙarfi mana!" in ji mijinta Sakhawat daga bakin ƙofa. "Tausa kike mata?"

Abin da ke ba ta haushi da ƙarfen titaniyam ke nan. A hannu ba nauyi kamar ɓawon ƙwai, amma sai kafaɗarta ta yi tsami kafin ya lotsa. In ya lotsa ta ɗora shi a wuta ba komai a ciki, har gindin ya yi shuɗi-shuɗi, ta shafe shi da baƙin murhu, Sakhawat ya rataye a shago.

Duk lokacin zafi kogin ƙanƙarar da ke saman ƙauyensu yakan tofo abin da ya haɗiye: takalmi, guntun igiya, wani sa'in tukunyar masu hawan dutse, don ita ba ta tsatsa. Baƙi na son irin wannan tsaraba. Sai dai ƙanƙara ba ta sauri, Sakhawat kuma ba ya haƙuri. Don haka yake sayo sababbi daga kasuwar Skardu, Batul ta tsufar da su a bayan gida. Kowace tana da mamacinta, kowane mamaci da labarinsa.

Ranar da hantsi motar Baffa Rustam ta tsaya a ƙofar shago. Ya sauko da wata 'yar Japan mai suna Natsuko, shi ne direbanta, shi ne tafintanta. Mahaifinta ya hau dutsen da ke saman kwarin nan tana ƙarama, bai sauko ba. Ba gawa, ba kabari. Ta bi ƙauyukan kwarin ɗaya bayan ɗaya tana neman ko da tukunyarsa ce, kuma ta ce wanda ya ba ta ita ya faɗi kuɗinsa da bakinsa.

Idon Sakhawat ya yi wal. Ya leƙa madafa ya yi ƙasa da murya. "Kawo shayi. Kuma kada in ji kin buɗe baki."

Da ma ba buɗewa take yi ba. Ta sauko da baƙar tukunyarta, wadda babanta ya ba ta ranar da aka kai ta ɗaki, bayan ya ƙare ƙarfinsa wajen yi wa masu hawan dutse dako a kan ƙanƙara, inda ya tsince ta. Ba ta dafa wake a ciki, don tsakiyar na ƙona abinci gefe bai ko yi zafi ba. Shayi kawai. Sakhawat gwangwani yake kiranta, kuma shi bai taɓa ɗaga tukunyar da ba ta sayarwa ba.

Ta kai shayin gishiri da man shanu a kofuna, ta raɓe jikin labule.

Sakhawat ya sauko da tukunyar da ta sha duka shekaranjiya, ya riƙe ta hannu biyu kamar jariri. "Baffa, gaya mata da hannuna na tono ta. Har yatsana ya kusa guntulewa."

"Wanne daga ciki?" in ji Baffa Rustam. "Na bara ko na bana?"

"Kai dai fassara."

Natsuko ta karɓa. Batul ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, don ta san kowace lotsa da sunanta. Baƙuwar ba ta kalli lotsar ba. Ta juya tukunyar, ta goge gindin da babban yatsa, ta ajiye. Aka miƙo ta biyu, ta juya. Ta uku ma haka.

"Ta ce daren da mahaifinta zai tafi ta samu ƙusa ta zana masa kifi a gindin tukunyar," in ji Baffa Rustam. "Kifi mai hula a karkace, wai don kada sanyi ya kama shi."

"Ƙanƙara na cin zane," in ji Sakhawat da sauri. "Amma akwai wata a wurin ƙanena. Ta dawo gobe." Ya waiwayi labule ya yi wa Batul alama da baki: nemo ƙusa.

Baffa Rustam ya kwashe da dariya. "Ɗan nan, ko ka iya zana kifi, hannun yarinya fa? Ba gobe. Ƙauyenku ne na ƙarshe, jirginta jibi ne."

Natsuko ta shanye shayinta tas, ta ce ɗumin ya shige ta har ƙashi. Ta miƙe.

Baƙon da ya sha shayi a gida ba ya fita hannu wofi, ko da bai sayi allura ba. Sakhawat ya shigo madafa yana huci. "Zuba mata busasshiyar tuffa. Ba a kwanon kirki ba! A wancan gwangwanin naki, in huta da ganinsa."

"Maigida," in ji Batul a hankali, "ta Baba ce fa. Ka tabbata?"

"Yau kuma baki ya buɗe? Na ce ki ba ta!"

Ta ɗauki tukunyar zuwa bayan gida. Ta ɗan jima, ana jin ƙarar yashi a jikin ƙarfe. Ta fito da ita cike da tuffa, ƙulle cikin tsohon mayafi, ta miƙa wa baƙuwar kanta a sunkuye.

Motar ta gangara. Sakhawat ya tofar da yawu. "An sha mana shayi a banza. Riba ɗaya, mun rabu da tarkace."

Batul ta tsaya a ƙofar shago. Ƙurar motar take kallo, tana tunanin inda za su kai kafin Natsuko ta kwance ƙullin, ta juya tukunyar yadda ta juya sauran, ta ga kifin nan da hularsa a karkace, wanda Batul ke gaisawa da shi tun tana yarinya duk ranar da ta wanke gindin da yashi.