Dajin da Ake Yi wa Aski

A wata mazaɓa can arewa an taɓa zaɓen wani tsohon malamin firamare kansila, a kan alkawari guda ɗaya. Gonakin wurin ba su da itace, saboda haka da an yi ruwan shuka gero ya tsiro, sai iska ta kwaso rairayi ta binne shi. Manomi kan yi shuka sau uku a damina ɗaya, kuma kowace shekara sai an sami gidan da ya ɗaure kaya ya nufi kudu. Kansilan ya ce in an ba shi ƙuri'a zai kawo itatuwan da za su tare iskar, kuma bai yi ƙarya ba. Ya yi ta safa da marwa a sakatariya har aka ba shi dashen darbejiya mota uku. Ya sa aka share fili ƙal, aka sare duk wata sabara da kalgo don kada su matse baƙin itatuwa, aka kira makaɗa, aka ɗauki hoto. Mata suka yi ta jigilar ruwa daga rijiya mai gaba ashirin. Kafin bazara ta biyu ta fita, babu abin da ya rage a filin sai sandunan da aka kafa don tallafar dashen.

Wata rana yana dawowa daga duba wannan asara, rana ta kore shi zuwa inuwa ɗaya tilo da ya hango. Gonar wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu, wadda mutanen gari ke yi wa laƙabi da gonar ƙyuya. A wurinsu mutuncin manomi shi ne kafin damina ya yi sassabe, ya sare duk tohon da ya fito a kan kututture, ya tara ya cinna wuta, gona ta fito fes. Ita tsohuwar ba ta da mai yi mata, kuma hannunta ba ya iya sare kakkauran reshe. Sai ta riƙa datse siraran tana kai wa murhu, tana barin biyu ko uku da suka fi ƙarfin addarta. Shekara uku ke nan, ga su nan sun ɗara tsawon mutum, shar da ganye, a tsakiyar bazarar da ta kashe masa mota uku.

"Inna, wa ke ba su ruwa?"

"Ruwa kuma, ɗan nan? Ni da na sha ma sai an taimaka mini? Ƙasa suke sha, ai ba jarirai ba ne irin naka."

Washegari ya dawo da masu haƙar rijiya biyu, ya sa suka tona gefen wani kututturen kalgo da bai fi turmi faɗi ba. Suka tarar da saiwa mai kaurin cinyar ƙato. Suka bi ta gaba ɗaya, gaba biyu, har kawunansu suka ɓace a rami, ba ta nuna alamar ƙarewa ba, kuma ƙasar da ke manne da ita ɗanya ce mai sanyi. Kansilan ya miƙe a bakin ramin ya dubi filin da ya sani tun yana yaro. Ko'ina ɗan toho ne a duƙe, daga nan har inda ido ya tsaya, dubbai, kuma ƙarƙashin kowane ɗaya akwai irin wannan saiwa. Dajin da tsofaffi ke ba da labarinsa, wanda aka ce kura na ɓuya a cikinsa, ashe bai mutu ba. Yana nan a raye ƙarƙashin ƙafafunsu, shekara arba'in yana ɗago kai kowace damina, su kuma suna yi masa aski. Sai ya kama salati.

Ƙudurin da ya kai majalisar ƙaramar hukuma layi biyu ne: manomi ya bar reshe biyu a kan kowane kututture, kuma itacen da ya tashi nasa ne, ba na malaman daji ba, ya ci 'ya'yansa, ya sayar da rassansa. Abokan aikinsa suka yi dariya, ɗaya ya ce, "Onarabul, aikin da ba ƙaddamarwa ba yanka ƙyalle, da me za ka je wa masu zaɓe?" Manoma ma suka ce ba za a kira su ragwaye a kan gonar ubansu ba. Sai ya fara da tasa gonar, ya tsaya a kasuwa ya faɗa da bakinsa cewa itatuwan da ya sa aka sare sun fi waɗanda ya kawo.

Zaɓe ya riga inuwa zuwa, kansilan ya faɗi. Amma waɗanda suka gwada sun ga akuyarsu ta sami kalgo a rani, matansu sun daina yini a neman itacen girki, har wasu na kai ɗauri kasuwa, sai maƙwabta suka bi. A shekara ta bakwai aka yi ruwan shuka, iska ta taso kamar yadda ta saba, ta shiga cikin itatuwa ta rasa ƙarfinta. Geron da aka shuka da farko shi aka girbe. Wani baƙo da ya ga dajin ya tambayi tsohon kansilan itace nawa ya dasa. Ya ce, "Waɗanda na dasa sun mutu duka. Waɗannan hannu kawai muka ɗauke musu."

Shi ya sa Hausawa ke cewa da tsohuwar zuma ake magani.